Zafin da ke cin dawa tun tana gona

Duk shekara idan damina ta ƙarato, daga Yamai har Damagaram maganar ruwa ce a bakin kowa: yaushe zai sauka, yaushe zai ɗauke. Ni kam ina ganin mun manta da wani ɓarawo da ke rage mana rumbu, wato zafin iska.

Dawa ita ce abincinmu na biyu a Nijar bayan hatsi, kuma tana son ɗumi. Tana girma da kyau idan zafi yana wajen digiri 27 zuwa 30. Amma juriyarta na da iyaka. A farkon damina, saman ƙasa mai yashi kan wuce digiri 50 da tsakar rana, sai tsiron ya ƙone, manomi ya sake neman iri. Lokacin da ta fi rauni kuwa shi ne daga sanda ta yi ciki zuwa sanda ta fidda kai ta yi fure. Idan zafin rana ya haura digiri 36 zuwa 38 a waɗannan ƴan kwanaki, garin furen yana lalacewa, zangarniya ta fito da kyan gani amma ƙwaya jefi-jefi. Zafi kuma yana sa ta gaggawar nuna, ƙwayar ba ta cika ba, ba nauyi.

To idan ruwa ya makara aka yi shuka a makare, furen zai faɗo ƙarshen Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da gajimare ke watsewa zafi ke dawowa. Mu na birni a kasuwa za mu ji shi, ranar da kuɗin tiya ya tashi.

Don haka ina kira da abu uku. Na farko, ma'aikatar hasashen yanayi da cibiyar AGRHYMET su riƙa haɗa bayanin zafi da na ruwa, a faɗe shi da Hausa a rediyon karkara. Na biyu, irin da ke nuna da wuri kamar Mota Maradi, wanda INRAN ke aiki da shi, ya isa hannun manomi kafin ruwan shuka. Na uku, mu kare itatuwan gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya danne shuka, kuma ƙasar ƙarƙashinsa ta fi sanyi da taki. Manoman jihar Maradi sun nuna hanya da sassaben zamani tun shekarun 1980.

Ku ƴan uwa matasa, kusan kowannenmu na da dangi a ƙauye da waya a hannu. Bana idan kun kira gida, bayan kun tambayi ruwa, ku tambayi wane iri aka shuka da kuma yaushe zai yi fure. Idan irin mai daɗewa ne kuma an makara, ku haɗa kuɗi a nemo mai saurin nuna tun da sauran lokaci.