Kenzo Tange, mutumin da ya zana tsakiyar Abuja

Daga Junju ko Gaya, ɗan kasuwar da ya ƙetara ta Kamba ya nausa cikin Nijeriya har ya isa Abuja, yakan dawo da labarin faffaɗan tituna da manyan ma'aikatu da ke jere a gindin Dutsen Aso. Kaɗan ne daga cikin matafiyan suka san cewa tsakiyar wannan birni wani mutumin ƙasar Japon ne ya zana ta. Sunansa Kenzo Tange, kuma rayuwarsa tana da abin faɗa wa duk garin da ke ƙoƙarin zama birni.

An haifi Tange a shekarar 1913, ya girma a garin Imabari, ya yi karatun sakandare a Hiroshima. A can ne ya ga hotunan ayyukan Le Corbusier, shahararren mai zanen gine-gine na Faransa, sai ya ƙudurta cewa wannan ita ce sana'arsa. Ya kammala jami'ar Tokyo a 1938, ya shiga aiki a ƙarƙashin Kunio Maekawa, wanda shi ma almajirin Le Corbusier ne.

Ranar 6 ga watan Agusta 1945, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a kan Hiroshima. Birnin da Tange ya yi samartaka a cikinsa ya koma toka. A 1949 aka buɗe gasar zana filin tunawa da mamatan, shi ne kuma ya lashe ta. Ya ɗora gidan tarihin a kan ginshiƙai, ya bar ƙarƙashinsa a buɗe, ta yadda wanda ya tsaya a wurin zai miƙa ido kai tsaye, ya wuce ta kan dutsen da ke ɗauke da sunayen mamata, har ya tarar da kangon ginin da bam ɗin ya bari a tsaye. An buɗe gidan a 1955. Gini ne da ya san abin da ya faru a ƙasar da aka kafa shi.

Haka ya ci gaba. A ofishin gwamnatin lardin Kagawa, wanda aka gama a 1958, ya sarrafa siminti ya fito da kamannin itatuwan rufin gidajen Japon na dauri. Don wasannin Olimpik na 1964 a Tokyo, ya gina zauren Yoyogi, inda ya rataye rufin a jikin manyan igiyoyin ƙarfe tsakanin ginshiƙai biyu, babu wani tirke a tsakar zauren da zai tare wa ɗan kallo gani. Daga nan duniya ta shiga nemansa: birnin Skopje bayan girgizar ƙasar 1963, filin jirgin saman Kuwait, jami'ar kimiyya ta Oran a Aljeriya. A 1987 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fage, shi ne ɗan Japon na farko da ya same ta. Ya rasu a Tokyo a watan Maris 2005.

Batun Abuja kuwa ya sha bamban. Gwamnatin Murtala Muhammed ce ta yanke shawarar ƙaura daga Legas a 1976. Wani gungun kamfanonin Amurka ya tsara birnin baki ɗaya, aka damƙa wa Tange zanen tsakiyarsa. Ya shimfiɗa dogon layi miƙaƙƙe daga gindin Dutsen Aso, ma'aikatu dama da hagu. An tare a birnin a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991, ko da yake ba duk abin da ya zana aka gina ba. Tsakiyar ta yi kwarjini, amma wa ke kwana a cikinta? Gwarawan da aka tarar a wurin an tashi da yawansu. Masinja da direba da mai shara suna kwana a Nyanya da Mararaba da Kubwa, su yi sammako su bi cunkoso zuwa aiki. Laifin ba na mai zane ba ne shi kaɗai, domin hukuma ce ke raba filaye. Sai dai a Hiroshima Tange ya san mutanen da yake yi wa gini, a Abuja kuwa baƙo ne, baƙo kuma rabin makaho ne.

A nan ne labarin ya iso Junju. Tun 2011 da aka ɓalle garin daga Gaya aka mai da shi hedkwatar gunduma, buƙatar ofisoshi da sababbin unguwanni ta taso. Abu mafi sauƙi shi ne a kwafo abin da aka gani a Yamai: bulo da siminti da rufin kwano, ɗakin da ke zama tanda a watan Afrilu. Alhali yankin Dallol Mauri ƙasar giginya ce, magina sun gaji sanin azara da laka da zauren da iska ke ratsawa. Wannan sani ba abin rainawa ba ne: a 1986, shekara guda kafin kyautar Tange, masallacin laka na Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan.

Kafin a kafa turakun yankan filaye, ya kamata hukumomin gari su zauna da tsofaffin magina, da matan da ke ɗibar ruwa, da manoman fadama. Su ne suka san inda ruwan damina ke kwanciya, da giginyar da bai kamata a sare ba, da nisan da yaro zai iya takawa zuwa lakwal. Takardar zane ana iya gyara ta da fensir a yini ɗaya, unguwar da aka kafa a kan hanyar ruwa kuwa sai jikoki sun biya kuɗin gyaranta.