Olisadebe bai bi ta Agadas ba

Kai ɗan'uwa mai buga ƙwallo a filin unguwa nan Jibiya, zo mu yi magana. Idan wani ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa shi ejan ne, zai kai ka gwaji Turai, kawo kuɗi kawai a bi da kai ta Maraɗi zuwa Agadas, dakata ka ji labarin Emmanuel Olisadebe tukuna.

Ɗan Warri ne, an haife shi a 1978. Ya buga wa Jasper United, daga nan a 1997 ya koma Polonia Warsaw ta ƙasar Poland. A 2000 suka ɗauki kofin gasar ƙasar, a shekarar kuma aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, don kocin Poland na lokacin, Jerzy Engel, ya san shi tun a Polonia. Shi ne baƙar fata na farko da ya sa rigar Poland. Ƙwallo 8 ya ci a wasannin share fage, ƙasar ta je gasar cin kofin duniya ta 2002, rabonta da zuwa tun 1986. A can ma ya ci Amurka ƙwallo. Ya buga wa Panathinaikos ta Girka, ya leƙa Portsmouth a Ingila, ya je China, daga baya ya ajiye takalmi.

Labarin akwai daɗi, amma ba duka ba. Wasu 'yan kallo a Poland sun riƙa jifansa da ayaba, ciwon gwiwa kuma ya yi ta addabarsa. Wannan fa mutum ne mai kulob, mai kwantiragi, mai biza. To kai da za a loda a bayan Hilux, ba wanda ya san da zuwanka, wa za ka kai wa kuka?

Mu 'yan Jibiya ba a ba mu labarin boda. An rufe ta a 2019, aka buɗe a 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Mun ga tireloli jere a Magama. Kaya ma sai da takarda, balle mutum.

Kada ka ce ai shi ɗan kudu ne, yana da hanya. Ahmed Musa a Kano Pillars aka gan shi, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya, kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010. Katsina United kuwa ga ta nan kusa da mu.

Saboda haka tambayi ejan ɗin nan: wane kulob ne? Ina wasiƙar gayyata? Ina lasisinka na FIFA? In ba ka kai shekara 18 ba ma, dokar FIFA ta hana a kai ka kulob na ƙasar waje, sai da wasu sharuɗɗa ƙalilan. Idan ya fara kame-kame, toshe lambarsa, kada Mama ta sayar da awakinta a banza.