Makarantar da Ba Ta da Mai Ita: Darasi daga Yuganda

A lokacin yajin aikin malaman firamare na Abuja a 2025, wanda ya fara a watan Maris bai ƙare ba sai Yuli, na bi ta wata makarantar gwamnati a bayan gari. Iska ta yaye kwanon rufin wani aji, awaki sun mai da barandar hedimasta wurin kwana. Na tambayi wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa, "Baba, wa ke kula da wurin nan?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, ai ta gwamnati ce." Ya ci gaba da fere rakensa.

Amsar nan ce ta tuna mini da Yuganda. A can, yawancin tsofaffin makarantun firamare coci-coci ne suka kafa su, Katolika da Angilika, wasu kuma Musulmi. Yau gwamnati ke ɗaukar malamai, ita ke biyan albashi, kuma tun 1997 ta soke kuɗin makaranta. Amma ba ta sallami waɗanda suka aza tubalin farko ba. Dokar ilimi ta 2008 ta ba kowace makaranta kwamitin gudanarwa na mutum 12. Shida daga ciki, har da shugaba, ƙungiyar da ta kafa makarantar ce ke kawo su, kuma dole aƙalla biyu su zama mata. Sauran kujerun na iyaye ne da ma'aikata da tsofaffin ɗalibai da ƙaramar hukuma, hedimasta kuma shi ne sakatare. Idan Musulmi ne suka kafa makarantar, kujeru shidan nasu ne. To idan rufi ya yaye, akwai wanda za a je a buga wa ƙofa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu a Najeriya wata hanya muka bi. A farkon shekarun 1970 gwamnatocin soja suka fara karɓe makarantun mishan. A Kaduna St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, a Wusasa St. Paul's ta koma Kufena. Ba a yi hakan a banza ba: iyayenmu da dama sun ƙi kai 'ya'yansu boko don tsoron a sauya musu addini. Sai dai an cire mai makaranta, ba a sa kowa a gurbinsa ba. A 2011 Gwamna Peter Obi ya juya akalar a Anambara, ya mayar wa coci-coci makarantun firamare sama da 1,000, jiha na ci gaba da biyan malamai. Wannan ba zai yi mana daidai ba a garin da ɗan Gbagyi da Bahaushe da Bayarabe ke zama kan benci ɗaya.

Kada a ɗauka Yuganda aljanna ce. Malamansu ma suna yajin aiki, ana taƙaddama kan wa za a naɗa hedimasta, wasu kwamitocin kuma a takarda kawai suke.

Abuja sabon gari ne, a 1976 aka ƙirƙire shi, yawancin makarantunsa ba coci ko masallaci ne suka gina ba. Amma kowace makaranta tana da maƙwabta masu tara jama'a ranar Juma'a da ranar Lahadi. Kwamitin makaranta da ake kira SBMC ma yana nan, sai dai baƙo yake a gidansa.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji: ku rubuta wa masallaci da coci da mai unguwa kujeru tabbatattu a kwamitin kowace makaranta, da ikon duba littafin kuɗi da rajistar zuwan malamai, bisa sharaɗin ba za a tilasta wa ɗan kowa ibadar wani ba.