Sharhi: Raunin da ke tattare da makullin allon kwamfuta

A watan Janairun 2021 ne labari ya bazu cewa wasu yara biyu sun buɗe kwamfutar mahaifinsu mai amfani da tsarin Linux Mint, alhali ba su san kalmar sirri ba. Wasa kawai suke yi, suna danna madannan kwamfutar da na kan allo lokaci guda, har manhajar kulle allon ta durƙushe, abin da ke ciki ya bayyana. Bincike ya gano cewa matsalar tana cikin manhajar madannan kan allo, kuma an gyara ta cikin gaggawa.

Sai dai tushen lamarin ya girmi yaran nesa ba kusa ba. A tsarin nuna hoto na X11, wanda ya fito a 1987, makullin allo wata manhaja ce da ke rufe sauran kamar labule, ta kuma riƙe madannai. Da zarar ta faɗi, labulen ya yaye ke nan. A 2012 ma an gano cewa danna Ctrl da Alt da alamar tauraro tare na iya kawar da makullin a wani zubin na X.Org. Wannan ne ya sa Wayland, tsarin da ke maye gurbin X11, ya zo da ƙa'idar da ke barin allo a kulle ko da manhajar ta mutu.

Windows ma bai tsira ba. A 2018 masu bincike na kamfanin McAfee sun nuna yadda za a bi ta Cortana a sarrafa kwamfutar da ke kulle, kafin Microsoft ya toshe kafar. A nan ma, kamar a Linux Mint, ƙarin hidimar da aka ɗora wa allon don sauƙaƙa wa mutane ita ce ta zama ɓaraka.

Batun ya shafi ma'aikatu da bankunan Najeriya, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa alhakin tsare bayanan jama'a. Ma'aikacin da ya kulle allo ya fita salla ya yi daidai, amma kwamfutar tana nan a kunne, mabuɗin sirrin ma'ajiyarta kuma yana cikin ƙwaƙwalwarta. Kariya irin ta BitLocker ta fi ƙarfi ne idan an kashe na'urar gaba ɗaya, musamman bayan tashi daga aiki.