Ƙarfi muka sayar, ba mutunci ba

Ya ku 'yan'uwa na Matamaye, da Kance, da Magarya, da Damagaram!

Ma'aikaci ƙarfinsa ya sayar, bai sayar da mutuncinsa ba. A kan wannan magana sandika ta tsaya tun farko.

Kakanninmu sun sha aikin tilas da bulalar gardi. Ran 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas, amma zagi da mari ba su bar wurin aiki ba. Lebura mai ɗaukar buhun gujiya, in ya ɗaga kai, sai kora. Ran 3 ga Nuwamba 1952, ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka aje aiki rana guda. Ran 15 ga Disamba dokar aiki ta fito. Ta kawo awa 40 a mako, da wakilin ma'aikata, da insifektan aiki, da kotun aiki. Iyayen gida suka yi kunnen uwar shegu, sai da aka sake yajin aiki a 1953. A Nijar, Jibo Bakari yana kan gaba.

A 1960 Nasara ya tafi, amma halinsa ya zauna a kujera. Yau mai zagin yaron mota a tasha, da mai tsare yarinya a ofis ya ce ko ta yarda ko ta bar aiki, ɗan ƙasa ne. Dokar aikin Nijar ta 2012 ta hana matsa wa mace da neman lalata. A 2019 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki. To, amma takarda ba ta tare mari, sai mutane.

Don haka ga abin da muke roƙon kowane reshe:

1. Wanda aka ci wa mutunci, a rubuta ranar, da wurin, da shaidu.
2. Kada ya je gaban maigida shi kaɗai. Wakili ya raka shi.
3. Kukan mace, mata biyu su saurare shi, a rufa asirinta.
4. In maigida ya ƙi ji, a kai magana gun insifekta.
5. Azzalumi ko namu ne, kada katin jam'iyya ya cece shi.

Wanda ya yi shiru da aka mari maƙwabcinsa, ya shirya nasa kunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku karanta, ku karanta wa wanda bai yi lakwal ba!