Jam'iyyar da Doka ta Haifa, Doka ta Binne

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 1993 zai tuna da dokin nan na tutar SDP, jam'iyyar da ta yi kimanin shekara huɗu kacal a duniya, amma ta tsaya zaɓen da har yau ba a daina ambatonsa ba. Asalinta kuwa abin al'ajabi ne, domin a watan Oktoba na 1989, bayan ƙungiyoyi 13 sun nemi rajista, sai Janar Babangida ya yi fatali da su baki ɗaya, ya ƙago jam'iyyu biyu, ya ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC kuma ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufa, ta ba su kuɗi, ta kuma gina musu ofisoshi har ƙananan hukumomi.

A ganina, nan illar take. Aƙidar da aka raɗa wa SDP suna da ita, wato mulkin jama'a tare da kyautata wa talaka ta hanyar ilimi da magani da adalci wajen rabon arziki, ba baƙuwa ba ce a Arewa, tunda jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi wa'azinta tun 1950, magoya bayanta suka sha ɗauri da bulala saboda ita, ba tare da kowa ya gina musu ko rumfa ba. Ita kuwa SDP riga ce da hukuma ta ɗinka, almajiran Malam Aminu Kano da mutanen Shehu Musa 'Yar'aduwa da attajiran Legas suka cusa kai ciki, alhali abin da ya haɗa su bai wuce rashin wata ƙofar ba.

Ban ce ba ta yi abin kirki ba. Ranar 12 ga Yuni 1993, a zaɓen shugaban ƙasa, 'yan takararta Abiola da Kingibe, Musulmi biyu, suka sami ƙuri'un Kirista da Musulmi, har suka kayar da Bashir Tofa na NRC a jiharsa ta Kano. Amma da aka soke zaɓen, lokacin da ya wajaba jam'iyya ta tsaya kan amanar masu ƙuri'a, sai shugabanninta suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan, wadda ba ta cika wata uku ba.

A watan Nuwamba Janar Abacha ya rusa SDP da sanarwa guda, Kingibe kuma ya karɓi kujerar ministan harkokin waje a gwamnatinsa.