Zauren 'Yan Mata: Mu Leƙa Wagadugu

Yau hirarmu ta kai mu Wagadugu ta Burkina Faso, inda ake bikin fina-finan Afirka na FESPACO duk bayan shekara biyu. An fara shi a 1969. Babbar kyautarsa Ingarman Yennenga, wato dokin gimbiyar da Mosawa ke kira kakarsu.

To, wa ya fara cinye ta a 1972? Umaru Ganda ne ɗan Nijar, da fim kan yarinyar da aka aurar wa wani Alhaji mai mata biyu alhali tana da masoyinta. Ashe kukanmu ma abin nunawa duniya ne!

Ke mai rubuta labari a bayan littafin makaranta, kar ki yar da biro. In hali ya yi, ki roƙi Baba ya bar Yaya ya raka ki kallo.

Sai wata mai zuwa.